Rasuwar Mai Sunan Baba, Wanda Ya Tona Ni Kafin Ya Cika

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika rabinta, takaici ya cika ragowar, ni Mukarrama, matar auta a gidan tsohon Hedimasta da ke Makarfi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Ikara da Kudan da kewaye rasuwar kwamfutar gidanmu. Rasuwar ta auku ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan tebur, a gaban baƙi, bayan doguwar jinya da gajeren cin amana.

Za a lura ban ambaci sunan mamacin ba. Ba mantuwa ba ce. Ranar da maigidana, Baban Rahama, ya kawo shi daga Fatakwal inda yake aiki, na'urar ta nemi a raɗa mata suna, shi kuwa bai yi shawara da kowa ba ya rubuta sunan mahaifinsa. Ni kuma ba a haife ni inda mace ke kama sunan surukinta ba, ko a baki ko a takarda. Mai son sanin sunan marigayi ya tambayi maza a zaure. A cikin gida Mai Sunan Baba muke ce masa, kuma tun daga ranar muka daina ce masa "ita".

Marigayi ya zo mana da shekarunsa. An ce ya yi ƙuruciyarsa a wani ofis, ya gaji, aka sallame shi. Baƙi ne, mai jiki, ba ya son a matsa masa da gaggawa. In an tashe shi sai ya ce "ƙit" sau ɗaya, sannan ya shiga gurnani a hankali kamar injin niƙa na unguwar gaba. Wanda ya saba da shi ya san wannan gurnanin na lafiya ne.

An kawo shi ne saboda Baba, surukina. Baba ya koyar a garin Furana, ya koyar a garin Taba, ya zama hedimasta, ya yi ritaya. Bayan rasuwar Hajiya, matarsa, sai gidan ya yi masa faɗi, ya ce yana son rubuta tarihin makarantun da ya koyar, tun daga waɗanda aka fara a gindin tsamiya. Da yatsa ɗaya yake rubutu, kuma yatsan nan yana da baiwa: duk abin da ya taɓa sai ya ɓace. Babi guda kan shige wani lungu, allo ya juye, sauti ya ɗauke. Ana bukatar mai tsaya masa kullum.

Nan maigidana ya yi alkawarin da ya jawo mana wannan zaman makoki. Ya buɗe wa marigayi ƙofar da wata kwamfuta za ta iya shigowa ta sarrafa shi, ya sa kalmar sirri, ya shiga ɗakina ya gwada da laftof ɗina ta makaranta. Kibiya ta motsa a ɗakin Baba ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Sai ya fito yana gyara hula.

"Baba, daga yau ka huta. Ko ina Fatakwal zan riƙa shigowa ina gyara maka. In ka ga kibiyar nan tana tafiya da kanta, to ni ne."

Baba ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Haka yake kiransa.

Abin da Baban Rahama bai lura ba shi ne, abin ya yi aiki ne don na'urorin biyu suna cikin gida ɗaya, suna sha daga rauta ɗaya, wato ƙaramin akwatin nan mai ƙyaftun fitila da ke rataye a baranda. Ƙofar da ya buɗe ta cikin gida ce. Da ya isa Fatakwal ya ƙwanƙwasa, ko tari ba a yi masa ba. Sai ga waya: "Maman Rahama, ki riƙe mini kwana biyu kafin in gano kan abin. Kada Baba ya ji, zai ce na cika baki." Kwana biyun nan su ne suka shekara huɗu.

A cikin shekarun nan, dole in faɗi gaskiya, marigayi ya kasance mai rufin asiri. Ɗakina yana gabas, na Baba yana yamma, tsakar gida na tsakaninmu. Ban taɓa zama a gaban Baba ba, gaisuwa ma daga bayan labule nake yi a durƙushe. Amma kowace safiya, in na kai kunu na dawo, sai in buɗe laftof in shiga ɗakinsa ba da ƙafa ba. In ga allonsa a nawa, in nemo babin da ya ɓata, in mayar da sauti, in adana. Marigayi bai taɓa cewa uffan ba.

Ni ma ban rage shi da komai ba. Da na gano in ya yi barci ba ya amsa sallama, na hana shi barcin rana. Da na ga duk lokacin da aka ɗauke wuta rauta sai ta canza masa lamba, in yi ta lalube kamar mai neman gidan da aka sauya wa ƙofa, na zauna na kafe masa lamba ɗaya. Ran Juma'a, in Baba ya tafi masallaci na shiga shara, ni ke goge masa ƙura, ni ke kakkaɓe ɓurɓushin mazarƙwaila daga tsakanin haruffa, don Baba ba ya rubutu sai da ɗan zaƙi a gefe. Da idon Baba ya ƙara rauni, ni ce na ƙara girman rubutun allon har ana iya karanta shi daga bakin ƙofa. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Sannu a hankali Baba ya fara wata al'ada. Kafin ya shiga tarihi sai ya buɗe farin shafi ya rubuta, "Auta, ka tashi lafiya?" Ni kuma in zagaya da kibiya, alamar lafiya lau. In ya yi addu'a in rubuta "Amin". Ban taɓa rubuta masa wata kalma bayan wannan ba. Ban ce ni ce Auta ba, ban ce ba ni ba ce.

Wata safiya ya rubuta: "Matarka tana da kirki, sai dai hannunta ya yi nauyi a gishiri. Kada ka ce ni na faɗa." Na zauna ina kallon allo. Na rage gishiri. Kwana biyu bayan nan ya rubuta: "Lallai ana jin maganarka a gidanka." Na rubuta "Amin", duk da ba addu'a ba ce, don ba ni da wata kalmar.

Ba duka ne na dariya ba. A shafin nan Baba ya faɗi abubuwan da ba zai faɗa da baki ba ko an sa masa wuƙa. Ya ce har yanzu yakan juya zai ba Hajiya labari sai ya tuna. Ya ce gwiwarsa ta fi yadda yake nunawa ciwo. Ya ce yana tsoron kada ya tafi bai gama babin Taba ba. Kuma sau da yawa ya ce, cikin 'ya'yansa duka, ya gode wa Allah da akwai ɗaya da ke tuna shi kowace safiya. A waya kuwa shi da Auta gaisuwa ce kawai da tambayar ruwan sama, don Baba ba ya maimaita da baki abin da ya riga ya rubuta. Abin da nake gadi ke nan duk shekarun nan: dattijo ya ci gaba da tashi da yaƙinin ɗansa na tare da shi. Marigayi ya san haka sarai, a cikinsa aka rubuta.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Gurnanin ya koma tari. Sai mantuwa ta shigo, ya riƙa tashi yana cewa muna wata shekara da ta daɗe da wucewa. Aka kira Abednego mai gyara daga bakin kasuwa, ya buɗe cikinsa, ya tarar da tururuwa sun kafa unguwa saboda mazarƙwaila. Ya hure, ya canza ƙaramin batir, ya ce jikin ya tsufa, a riƙa lallaɓawa. Muka lallaɓa. Na daina buɗe masa abu biyu a lokaci ɗaya. Na riƙa jiran sa ya gama numfashi kafin in taɓa shi. Ko mutum ne iyakar jinyar da zan yi masa ke nan.

Abin da ban sani ba, tsakanin Litinin da Talata ya sabunta kansa. Bai tambayi Baba ba, bai tambaye ni ba. Cikin sabuntawar nan ya manta da izinin da aka ba ni na shiga ba tare da sanarwa ba.

Ranar Talata Baba ya yi baƙi, tsofaffin abokan aikinsa biyu: Malam Isaiah daga Ikara da Malam Safiyanu daga Kudan, wanda ya zo da damin rake a bayan babur. Sun zo ne a karanta musu babin Taba, don su ukun suka koyar a can. Baba ya sa babbar riga. Ta taga na ji muryarsa, irin wadda ban ji ba tun Hajiya na da rai.

"Ku zauna ku ga ikon Allah. Yanzu Auta zai shigo daga Fatakwal ya buɗe mana."

Na wanke hannu, na shige ɗaki, na buɗe laftof, na ƙwanƙwasa yadda na saba. Maimakon ƙofa ta buɗe shiru, sai allona ya ce in jira, ana neman izini. Ban gane ba sai da na ji Malam Isaiah yana karatu da ƙarfi, yana fassarawa, yadda malami ke yi wa aji.

"Wai Mukarrama tana neman izinin shiga. A bari ko a hana?"

Marigayi ya kafa akwati a tsakiyar allo, ya rubuta sunan laftof ɗina, wanda sunana ne, da manyan haruffan nan da ni na ƙara musu girma da hannuna.

Malam Safiyanu, da rake a baki, ya ce, "Wace ce kuma Mukarrama a Fatakwal?"

"A'a, ga shi a ƙasa," in ji Malam Isaiah, "ya ce a cikin gidan nan take."

Har da wannan. Ba a tambaye shi ba, amma har da wannan ya ƙara.

Gidan ya yi tsit, har ina jin akuya na tauna ɓawon rake a bakin zaure. Na san lissafin da Baba ke yi, don hedimasta ne. Yana tuna makon da na kwanta asibiti a Zariya, aka ce masa sabis ya lalace a Fatakwal. Yana tuna gishiri. Yana tuna Hajiya da gwiwa da duk abin da ya zuba a shafin nan, yana duba ko a idon wa ya zuba su. Ban rufe laftof ba.

Can sai ƙofa ta buɗe. Baba ne ya danna a bari. Na ga farin shafinsa a allona. Ban taɓa kibiya ba. Haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali fiye da kullum: "Ashe ke ce"

Nan marigayi ya ce "fiiu". Allona ya yi baƙi. Daga ɗakin Baba aka ce ana jin ƙaurin wayar lantarki. Ya cika.

Na san ba a son faɗin aibin wanda ya tafi, amma a yi mini uzuri, abin ya tsaya mini a wuya. Da ya mutu ran Litinin, da ya tafi da mutuncinsa da nawa, da yanzu yabo kawai nake rubutawa. Da ya ƙara ko numfashi goma ran Talata, da na ga ƙarshen maganar Baba, in san matsayina. Bai yi wannan ba, bai yi wancan ba. Ya tsaya daidai inda zai tona ni, ya ga na tonu, ya kwanta. Shekara huɗu ina share masa tururuwa. Na ji ciwo, kuma har yanzu ina ji.

Baƙi suka tafi ba su ji babin Taba ba. Baba bai ci abincin rana ba. Baban Rahama ya yi ta kira, Baba na kallon wayar har ta gaji. Da ya kira ni ya ce, "Ki ba shi haƙuri mana," na ce masa, "Ta wace ƙofa?" Sai ya ce sabis na yankewa. Abednego ya zo ya duba gawa ya ce ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, babu tashi. Tarihin makarantu dai bai salwanta ba, don kullum ina kwafe shi a wajena. Ba tarihin ne ya hana ni sukuni ba.

Kwanakin da suka biyo baya na ƙarasa maganar Baba ta hanya ɗari. Ashe ke ce kika mai da ni abin dariya a gaban abokaina. Ashe ke ce kika karanta hawayena kina dafa mini tuwo. Ashe ke ce, shi kuwa Auta ko sau ɗaya. Wannan ta ƙarshe ta fi cin raina, don ita ce gaskiya tsagwaronta. Ba zan iya tambayarsa ba, shi ma ba zai kira ni ya faɗa ba. Hanyar da muke magana ɗaya ce, ga ta kwance an rufe ta da zanen tebur.

Marigayi ya rasu ya bar allo ɗaya, mai lafiya amma ba ya ganin komai yanzu, da faifan haruffa wanda harafin A ɗinsa ya goge saboda yawan rubuta Auta. Ya bar ɓera, kamar yadda Baba ke kiran abin jan kibiya, da firinta wadda dama ba su jituwa, tana takaba ba da son ranta ba. Ya bar rauta a baranda, tana ta ƙyafta ido kamar ba da ita aka yi ba. Ya kuma bar laftof ɗina, abokiyar sirrinsa, wadda har yau in na buɗe ta sai ta nemi sunansa ta ce ba a same shi ba.

Ran Juma'a da safe na kai kunu, na durƙusa a bayan labule na gaishe da Baba. Ya amsa kamar kullum. Ina shirin tashi na ji an ja kujera, an yaye zanen tebur, an yi gyaran murya. Baba ya fara yi wa gawar magana, da muryar da ake yi don ɗalibin da ke kujerar baya ya ji.

"Kai da aka ba saƙo ka kasa isarwa, ga ragowarsa. Ashe ke ce. To, maganar gishiri na janye ta. Sauran kuwa, da addu'ar da komai, ban janye ko kalma ɗaya ba. Sun je inda ya kamata su je."

Ya yi shiru. Na gane shirun, shi ne wanda yake yi in ya gama rubutu yana jiran kibiya ta motsa. Na duba hannuna, babu abin dannawa. Na ce "Amin" da bakina, na tashi da sauri har na bar murfin kwano a wajen.

Dangane da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa ba za a ɗaga gawa ba sai Baban Rahama ya iso. Baba ya amsa kiransa a ƙarshe, kuma abin da ya ce masa bai fi haka ba: "Ka zo ka ɗauki abin da ka raɗa wa suna." Yana hanya, ana sa ran isowarsa ranar Asabar. Shi zai ɗauki marigayi a kansa daga ɗakin Baba zuwa sito, a ajiye shi a saman buhunan masara, nesa da ƙasa saboda gara. Daga nan shi da mahaifinsa za su shiga ɗaki su rufe ƙofa. Abin da za a faɗa a ciki babu na'urar da za ta nuna mini, kuma ban nema ba.

Ba za a yi masa salla ba, ba za a yi sadakar uku ba. Masu sayen tsohon ƙarfe da suka fara zagaye ƙofar gida su yi haƙuri, Baba ya ce mai sunansa ba ya hawa sikeli. Maza za su yi gaisuwa a zaure, mata a cikin gida. Malam Isaiah ya aiko da ban haƙuri cewa shi karatu kawai ya yi, an karɓa. Malam Safiyanu ya zo ya ɗauki ragowar rakensa. Mai zuwa da mazarƙwaila ya ajiye ta nesa da kayan mamaci.

Baba ya ba da umarni cewa bayan an watse a fito da teburin zuwa tsakar gida, gindin mangwaro, a ɗora laftof ɗina a kai, don a ƙarasa babin Taba. Shi zai riƙa faɗa, a riƙa rubutawa. Ya ce a sa kujera biyu. Na aika Gwaggo Hajo, ƙanwarsa, ta ce masa tabarma ta ishe ni. Ya ce ta gaya mini daga tabarma hannu ba ya kai tebur.

Wannan ma yana cikin abin da marigayi ya jawo mini. Ana roƙon duk wanda mamaci ya ɓata wa rai ya yafe masa. Ni dai a ba ni lokaci, sai na ga yadda na ƙare da kujerar nan.

Sanarwa daga Mukarrama, Maman Rahama, ɗakin gabas, a madadin iyalai.